Bahagon Noti

Kwana uku ke nan a Rumde Ajiya
ba a ji kukan zartona ba.
Har mai ƙosai ta leƙo: "Lafiya, Nalado?
Shirun nan naka ya ɓatar mini da lokaci."

Injin na gwanjo ne, bara na saye shi,
ya girme ni, ya girmi gadar Binuwai a ido.
Haƙoran faifansa biyu sun tafi
tare da wata ƙusa da ta laɓe a cikin maɗaci.
Ga sabon faifai a takarda, jaka goma sha takwas,
da maiƙo a jikinsa kamar jariri ran suna.
Noti ɗaya ne ya tsaya a tsakani.
Noti ɗaya, bai fi goro ba.

Ran farko lallashi:
kalanzir, baƙin mai, har man birki,
in ɗiga, in jira, in sha shayi, in ɗiga.
Ran na biyu faɗa:
na zura sifana cikin bututun ƙarfe,
ni da yarona Bakari muka rataya
kamar birai a reshen tsamiya.
Bututu ya lanƙwashe, sifana ta wage baki,
fatar yatsuna ta zauna a jikin inji.

Benci arba'in na makarantar Pitowa,
an ba ni rabin kuɗi, na cinye rabin rabin.
Katakon da ya sha hanya tun daga Bartuwa
yana jingine, yana ta kallona.

Ran na uku Jonwe mai walda ya zo da wutarsa,
ya gasa noti har ya yi ja kamar gauta.
Muka watsa ruwa.
Ya yi mana tsaki, ya zauna.
Jonwe ya ce a yanke.
Na ce, in sandar ta tafi fa?
Irinta sai Duwala, in ma akwai.

Da la'asar sakaliya sai ga sanda a bakin ƙofa,
bayan sanda Kawu Jibo,
bayan Kawu Jibo, Bakari yana sosa ƙeya.
Ban aike shi ba.
Shekara bakwai rabona da tsohon nan,
tun ran da na ajiye masa guduma a kan benci
na fita ban yi sallama ba.

Yana ta rufe masa ido,
yatsunsa takwas, sana'a ta karɓi biyu.
Bai ce a miƙo sifana ba.
Ya goge bakin sandar da gefen rigarsa,
ya sa farce yana bin zaren ƙarfe
a hankali, kamar mai bin sawu a rairayi.

"Wane gefe kake murzawa?"
"Gefen da kowa ke kwancewa."
"Ai wannan bahago ne.
A baibai aka yi shi, don kada gudun faifai ya kwance shi.
Kwana uku kana ɗaure abin da kake so ya saki."

Jonwe ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na mai da sifana ɗaya hannun.
Guduma sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.
Ƙyas.
Sauran da yatsu biyu na ƙarasa.

Na ɗora masa notin a tafin hannu, da sauran ɗumi.
Ya jinjina shi, ya mayar mini.
"Wanke shi da kalanzir. Ka wahalar da bawan Allah."

A babur na kai shi gida,
hannunsa mai yatsu uku riƙe da kafaɗata.
Maganar shekara bakwai ta taso ta tsaya a wuya,
na murza ta nan, na murza ta can.
"Kawu," na ce.
Ya ce, "Kula da ramin nan na gaban kanti,
ba na ganinsa, amma ƙuguna ya san shi."

Na dawo, na ɗaura faifai, na danna maɓalli,
sai aka ɗauke wuta.